Kawu Marigayi da 'Ya'yan Kakanmu Tara

Yayan mahaifiyata ya fi shekara arba'in ana kiransa Marigayi, alhali yana nan da ransa, yana cin abincinsa, yana hawan kekensa. A wurin aiki ya samo sunan. Wata ƙaramar jarida ce mai fitowa mako-mako, shi ke riƙe da shafi na biyun ƙarshe, wato shafin sanarwar rasuwa. Kusan duk jimlar da ya rubuta a rayuwarsa da kalmar "marigayi" ta fara, sai abokan aikinsa suka liƙa masa. Da fari ya yi fushi, daga baya ya saba, har ta kai idan aka bugo waya ofis ya ɗauka sai ya ce, "Marigayi ne ke magana," ya tsaya ya ji yadda mai bugowar zai yi tsit. Mu 'ya'yan ƙannensa Kawu Marigayi muke ce masa, ba mu ga wani abu a ciki ba sai da muka girma, muka lura da irin kallon da baƙi ke yi mana idan muka ce za mu je gaishe shi.

Ba wannan aikin ya je nema ba. Labarin ƙwallo yake so ya riƙa rubutawa. Aka ɗauke shi a matsayin mai duba kurakurai, sai wani mako mai shafin rasuwa ya kwanta ciwo, edita ya ce Kawu ya riƙe masa kafin ya warke. Mutumin bai warke ba. Sanarwarsa ita ce ta shida da Kawu ya rubuta, kuma daga nan babu wanda ya sake tayar da maganar ƙwallo.

Ofishinsa a ƙarƙashin matakalar bene yake, bango ɗaya ya raba shi da injin buga jarida. Akwai tebur, da tafireta, da benci mai cin mutum uku, da taga da ke kallon bangon wani ginin. Idan injin ya tashi, kofin shayinsa sai ya kama tafiya a kan tebur, shi kuwa ya tare shi da hannun hagu ba tare da ya ɗago kai ba. A kan bencin nan dangin mamata ke zama su faɗa masa abin da zai rubuta, kuma a cewarsa bai taɓa ganin mutum uku sun zauna a kai sun yarda da shekarun ubansu ba.

Kawu mutum ne gajere, mai ƙaramar murya, mai sauraro kamar likita. Sai ya bar su su gama gardama tukuna, sannan ya sa takarda a tafireta. Yana da nasa salon sassauta magana. Idan 'ya'ya suka kalli juna suka ce babansu "yana da ɗan zafi," Kawu sai ya rubuta cewa marigayin ba ya ɓoye abin da ke ransa. Wanda ya bar gida shekara goma sha biyu ba a san inda yake ba, wannan ya yi tafiye-tafiye da dama. Akwai wani da kullum lokacin cin abinci yake kai wa dangi ziyara, shi ne aka rubuta ya shahara wajen zumunci. Gajeriyar rashin lafiya kuwa, a wurin Kawu, tana farawa daga awa ɗaya ta kai shekara tara.

Ya sha gaya mini bai ɗauki wannan ƙarya ba. "Wanda ya san mutumin zai gane abin da nake nufi," in ji shi, "wanda bai san shi ba kuma, me ya dame shi?"

Sau ɗaya tak ya yarda an yi kuskure, shi ma ya ce ba laifinsa ba ne. Ranar Laraba da rana ake rufe shafinsa. Wani mai shagon takalma yana kwance asibiti, likita ya ce a kira dangi, sai 'ya'yansa suka ga idan suka jira za su rasa fitowar wannan makon, suka zo da safe suka ba da sanarwa. Jarida ta fito ranar Juma'a, mai takalma ya farka ranar Asabar ya nemi shayi. Bayan mako biyu sai ga shi ya shigo ƙarƙashin bene da sanda, jaridar a hammata. Kawu ya miƙe ya fara ba da haƙuri, mutumin ya ɗaga masa hannu.

"Ba maganar mutuwar ce ta kawo ni ba," ya ce. "Wannan kowa zai yi. Wa ya ce maka ni mai haƙuri ne?"

"Babban ɗanka."

"To ka gyara. Shekara arba'in ina kasuwa babu wanda ya taɓa raina ni. Yanzu kowa ya zo shago sai ya taya yadda ya ga dama, wai ai sun karanta."

Kawu ya buga gyara a mako na gaba, layi biyu, cewa wane yana raye kuma ba mai haƙuri ba ne. Bayan shekara goma sha ɗaya mutumin ya rasu da gaske, Kawu ya sake rubuta masa wata. A ta biyun garin haihuwarsa ya canza, 'ya'yansa sun ragu da biyu, ya kuma koma mai haƙuri, saboda ɗan nan nasa ne ya sake zama a bencin.

Duk waɗannan labaran na san su tun da daɗewa, na kuma sha dariyarsu. Abin da ban taɓa yi ba shi ne in haɗa su da gidanmu.

Ni malamar makaranta ce. Da na bar aiki, sai na ce bari in rubuta tarihin danginmu kafin manyan su ƙare, domin cikin 'ya'yan kakana mutum uku suka rage: Kawu, da Ummata, da ƙanwarsu da muke kira Inna. Na sayi babban littafi mai kauri da fensir, na fara zuwa ɗakin karatu na gari, inda aka ɗaure tsofaffin jaridu shekara-shekara. Kwana huɗu ina atishawa cikin ƙura kafin in sami sanarwar rasuwar kakana, wadda aka buga shekara arba'in da ɗaya da suka wuce. Na karanta ta a tsaye. Ta ce marigayin babban jami'i ne a tashar jirgin ƙasa, ya rasu yana da shekara 88, ya bar 'ya'ya tara da jikoki da dama.

Na zauna na ƙirga da yatsu. Na sake ƙirgawa, har da waɗanda suka rasu. Bakwai nake samu.

Da hankali ya zo mini a lokacin, da wurin Kawu na nufa kai tsaye. Amma abin da aka buga a takarda yana da wani kwarjini, musamman idan takardar ta tsufa ta yi rawaya. Na ɗauki hoton shafin da waya na tura zauren hirar danginmu na waya, na rubuta a ƙasa, "Ko akwai wanda ya san sauran biyun?"

Kafin la'asar saƙo ya haura ɗari. Inna ta kira ni ta ce dama ita ta daɗe tana zargi, domin akwai shekarar da aka tura babansu wata tasha can nesa, ya yi wata takwas, ya dawo da sabuwar hula da wata irin fara'a da ba a san shi da ita ba. Umma kuwa ta ce kada wanda ya sake ya ɓata wa ubanta suna, sannan ta shiga ɗaki ta ɗauko hotonsa daga bango ta zauna tana kallonsa kamar za ta yi masa tambayoyi. Wani ɗan Inna ya tura hoton shafin zuwa zauren tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa, daga can kuma ban san inda ya bi ba.

Kawu ba ya riƙe irin wannan wayar, don haka shi kaɗai ne bai ji ba. Na same shi washegari da hantsi a barandar gidansa, yana gyara eriyar rediyo da cokali. Shekarunsa sun haura tamanin a lokacin, matarsa ta rasu, idonsa ɗaya ya yi hazo, amma kansa garau yake. Na gaishe shi, na miƙa masa kwafin shafin. Ya kai shi dab da hancinsa, ya karanta, ya yi murmushi irin na wanda ya haɗu da tsohon aboki.

"Wannan aikina ne," ya ce. "Kin ga yadda layukan suka zauna daidai? Yanzu ba a iya wannan."

"Kawu, ku nawa ne wurin Kaka?"

"Bakwai mana. Ke ba ki iya ƙirga ba?"

"To nan an ce tara."

Ya sake dubawa. Sannan ya gyaɗa kai. "E, na tuna. Bakwai ba ta shiga layin ba."

Na ce ban gane ba. Sai ya ajiye cokalin ya yi mini bayani dalla-dalla, kamar yadda ake yi wa sabon ma'aikaci. A zamanin da hannu ake jera haruffan dalma, ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane layi yana da iyakar abin da zai ci. Ranar mutum goma sha huɗu ne suka rasu a shafin, ga tallan maganin tari a ƙasa wanda ba a taɓa shi. Mai jera haruffa ya leƙo ya ce sanarwar baban Kawu ta yi yawa da harafi biyu, idan ba a rage ba sai ta ci sabon layi, sabon layi kuma babu wurinsa. Bakwai harafi shida ce, tara huɗu.

"Me ya hana ka sa lamba kawai?"

"Edita ya hana. Ya ce 'ya'yan mutum ba buhunan siminti ba ne da za a rubuta su da lamba."

"To ai akwai wasu kalmomin da za ka rage."

"Na duba. In cire 'babban' Innarki ta cinye ni ɗanye. In ce huɗu ko biyu, na kashe 'yan'uwana da hannuna. Goma kuma ta cika daidai, kowa zai ce an ƙara. Tara ce mai mutunci."

Na buɗe littafina, na ce to shekarun fa. Domin na samo sanarwar yayan Kaka ma, wanda ya rasu shekara biyu bayansa yana da tamanin da ɗaya, kuma da na yi lissafi sai na ga Kaka ya girmi yayansa da shekara tara.

"Saba'in da bakwai gare shi," in ji Kawu. "Shekaru da lamba muke sa su, wannan edita ya yarda. To lambar bakwai ta wannan ƙirar guda uku gare mu. Ɗaya ta karye, ɗaya ta faɗa cikin inji, ɗaya mai shara ya share. Shekara huɗu muna rubuta takarda a kawo sababbi. Ki koma ki duba, a shekarun nan huɗu babu wanda ya mutu a garin nan yana da saba'in da wani abu. Ko ka tafi kana da sittin da tara, ko ka daure ka kai tamanin. Baba kuwa bakwai biyu yake bukata. Takwas ce ta fi kusa, kuma muna da ita da yawa."

"Babban jami'in fa?"

"Tuta yake ɗagawa. Ja da kore." Ya ɗan ɗaga kafaɗa. "Amma ki sani, duk girman jirgi, in Baba bai ɗaga kore ba, ba ya motsi. In wannan ba babba ba ne, ki gaya mini wane ne."

Na tambaye shi ko a cikin sanarwar akwai abin da zan iya dogara da shi. Ya sake kai takardar hancinsa, ya bi ta da yatsa tun daga sama har ƙasa.

"Ya rasu," ya ce. "Wannan ina wurin."

Na koma gida na rubuta wa dangi bayani. Umma ta mayar da hoton bango. Inna ba ta ji daɗi ba, ta ce ita dai har yanzu ba a yi mata bayanin hular ba. Na ɗauka magana ta ƙare ke nan.

Bayan kwana tara, ranar Asabar, muna gidan Kawu ni da Umma da Inna, sai aka yi sallama a ƙofa. Wani dattijo ne dogo, siriri, da riga wankakkiya mai guga, da agogo biyu a hannu ɗaya. Ya ce shi mai gyaran agogo ne, teburinsa na bakin babbar tashar mota, wani tsohon ma'aikacin jirgi ne ya nuna masa saƙona a waya, ya yi ta tambaya har aka kwatanta masa gidan. Aka ba shi kujera. Ya zauna a bakin-bakinta, ya ciro wata leda daga aljihun gaba, ya warware ta a hankali. Sanarwar Kaka ce, an yanke ta da almakashi, ta yi laushi kamar tsumma saboda ninkewa.

Ya ce bai san mahaifinsa ba. Mahaifiyarsa abu biyu kawai ta taɓa gaya masa: ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma yana da iyali a wani wuri. Ta rasu ba ta ƙara ko kalma ba. Yana saurayi ya ga wannan sanarwar, ya bi ya tambaya a tasha, aka ce masa ai mutumin 'ya'yansa bakwai ne. Ya ce tun ranar ya san cewa duk wanda ya rubuta tara ya san da shi. Sau uku yana zuwa har bakin layin tsohon gidanmu ya juya, don ba ya so ya tayar wa kowa da hankali. Abin da ya riƙe shi shekara arba'in da ɗaya, in ji shi, shi ne an ƙirga da shi.

Inna ta kalli Umma da ido mai cewa ai na faɗa. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Duk muka juya wurin Kawu.

Na san Kawu da iya lallaɓa magana, na zaci zai nemo wata jimla mai laushi irin ta shafinsa. Bai yi haka ba. Ya tambayi mutumin shekarar haihuwarsa da garin da aka haife shi. Da ya faɗa, Kawu ya ce babansu bai taɓa aiki a wannan layin ba, kuma a wannan shekarar yana gida da karyayyar ƙafa, wata shida ba ya fita, Umma ma za ta tuna. Umma ta gyaɗa kai. Sannan ya gaya masa maganar harafi shida da harafi huɗu, da tallan maganin tari, bai rage komai ba. Ya ce, "Ni na rubuta, kuma ban san da kai ba. Ka yafe mini."

Mai agogo ya duba agogonsa na farko, ya duba na biyu. Ya fara ninke takardar yadda take, ninki bisa ninki. Rediyon Kawu na ta ƙara a ƙasa-ƙasa, babu wanda ya tashi ya kashe.

Can ya ce, "Wato wurin na takwas ɗin babu kowa."

"Babu kowa," in ji Kawu. "Har na taran ma."

"Kuma ba a taɓa buga gyara ba."

"Ba a taɓa ba. Jaridar ma ta rufe shekara goma sha biyar ke nan."

Mutumin ya gyaɗa kai, ya mayar da ledar aljihu, amma bai tashi ba. Sai Umma ta sa baki. Ita mace ce da ba ta iya ganin baƙo zaune hannu wofi, ko da ya zo da maganar da ta fi wannan. Ta ce mini in ɗora ruwan shayi. Sannan ta dube shi ta ce agogon bangon ɗakin nan shekara shida ke nan yana ƙarfe huɗu da kwata, ko zai duba. Ya miƙe da sauri kamar dama jira yake. Kafin ruwa ya tafasa ya sauke agogon, ya buɗe bayansa a kan tabarma, ya ciro ƙaramin gilashi ya maƙala a ido. Da zai tafi ya ce akwai wani ƙarfe da ya ci, zai kawo sabo ranar Asabar.

Ya kawo. Asabar ta gaba ya zo ya ga ko agogon yana tafiya daidai. Wadda ta biyo baya bai kawo dalili ba, ya zo da lemo a leda. Cikin wata biyu ya fara ce wa Kawu Yaya, Kawu kuma yana amsawa. Inna ta ce ita ba ta yarda da maganar karyayyar ƙafa ba, a duba kunnuwansa a duba na hoton. Umma ta ce ita ta san ba ɗan babanta ba ne, amma ya fi wasu 'yan'uwan nata zuwa gaisuwa. Har gardama suka fara yi da shi irin ta 'yan gida ɗaya, a kan wa ya bar ƙofa a buɗe da wa ya zauna a kujerar wa.

Ni ce na shiga uku da littafina. Na kai wa Kawu na ce ina zan sa mai agogo a ciki. Ya ce in sa shi da fensir. Na ce tarihi nake rubutawa, ba sanarwa ba. Ya ce shi ma da ya fara haka yake cewa.

A watannin nan na riƙa ɗaukar masa kwafin duk sanarwar dangi da na samo, yana gaya mini wa ya zauna a benci ranar. Wannan ya fi komai amfani. Idan ya ce surukin mamacin ne ya zo, sai in san sunayen 'ya'ya mata daidai ne, na maza sai an bincika. Idan ƙaramin ɗa ne, shekarun sun ƙaru, domin a idon auta uba tun fil'azal tsoho ne. Wata goggon Umma da aka rubuta ta rasu a gidan ɗanta, Kawu ya ce a gidan 'yarta ta rasu, ɗan ne dai ya riga zuwa ofis. Na cika gefen shafukan littafin da irin wannan, har bayanin gefe ya fi na tsakiya yawa.

Kawu ya rasu shekara biyu bayan haka, da safe, a kujerarsa ta baranda, bayan rashin lafiyar da ta ɗauki kwana goma sha ɗaya. Na ƙirga su da kaina don kada wani ya gajarta. Da aka natsa, 'ya'yansa suka ce ni ce mai rubutu a gidan, ni zan shirya sanarwar da za a kai wata jarida. Na zauna a teburinsa da biro, Umma da Inna da babban ɗansa suka jeru a doguwar kujera suna fuskantata, mai agogo yana tsaye a bakin ƙofa da hularsa a hannu.

Na yi niyyar kada in rubuta abin da ba ni da shaidarsa. Na ce shekarunsa nawa. Katin aikinsa ya ce tamanin da ɗaya. Umma ta ce ai ya rage huɗu lokacin da za a sallame shi daga aiki, don ya ƙara ɗan zama. Inna ta ce biyar ya rage, ita ta raka shi. Ɗansa ya ce a sa casa'in, ya fi daɗin ji. Na rubuta "ya haura tamanin." Na ce aikinsa fa. Ɗan ya ce babban edita. Na ce bai taɓa zama edita ba. Ya ce to wa ya rage a duniya da zai musa? Muka yi ta ja har muka tsaya a "tsohon ɗan jarida," duk da na san Kawu bai taɓa fita neman labari ba, labari ne ke zuwa ya zauna masa a benci.

Sai muka zo kan waɗanda ya bari. 'Ya'ya biyar, wannan babu gardama. Na ce, "Da ƙanne," na tsaya. Babu wanda ya kalli bakin ƙofa, amma kowa ya san inda hankalin kowa yake. Mai agogo ya sunkuyar da kai yana murza bakin hularsa.

"Uku," in ji Umma.

Na ɗago na dube ta.

"Ki rubuta uku. Wa ya yi jinyarsa kwana goma sha ɗaya? Wa ya riƙa juya shi?"

Na rubuta uku. Ina rubutawa ina tunanin wata jikar jikata da za ta zo nan gaba ta sami takarda biyu, tsakaninsu shekara arba'in da uku, kowace tana goyon bayan 'yar'uwarta, ta ce ai magana ta tabbata. A littafina na yi cikakken bayani, shafi ɗaya da rabi, na sa hannu da kwanan wata. Ko za ta sami littafin, wannan ban sani ba. Jarida dai ɗakin karatu na ajiye ta.

Mai agogo ya sayi kwafi uku ranar da ta fito, ya kai aka rufe masa ɗaya da roba. Bai daina zuwa ba, sai dai yanzu gidan Umma yake zuwa. Watan jiya muna zaune yana shan shayi, ya yi gyaran murya ya ce akwai wata magana, in ba za a ga ya zaƙe ba. Wata mata ce mai sayar da zare da maɓalli kusa da teburinsa, dattijuwa, mai kirki, ba ta da kowa. Suna hira ta ce masa ita ma mahaifinta a jirgin ƙasa ya yi aiki, ba ta taɓa ganinsa ba. Shi dai bai ce mata komai ba tukuna.

Inna ta ajiye kofinta ta ce a tambaye ta shekarar haihuwarta, domin ita har gobe tana nan a kan maganar wata takwas ɗin nan.

Umma ta dubi ɗakin, ta dubi mu da ke ciki.

"Ka ce mata ta zo ranar Asabar," ta ce. "Amma ta taho da kujerarta, namu sun ƙare."